Filin Gwaggo: "Na aika wa mutum 640, an ce ban gaya wa kowa ba"

Wasiƙun wannan makon daga ɓangaren Tambuwal da Kebbe suka fito, kuma babu ta kishiya ko ɗaya a ciki, abin da ya sa na ɗan sarara. Masu su duka ciwo ɗaya ke damunsu: maganar da za a faɗa ɗaya ce, waɗanda za a faɗa wa kuma suna da yawa. Na taƙaita wasiƙun, na cire sunaye kamar yadda aka saba.

Daga sakataren wata ƙungiya, Tambuwal

Assalamu alaikum Gwaggo, da fatan kina lahiya. Ni ne sakataren ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarmu. Mutanenmu sun warwatsu, wasu na Sakkwato, wasu Birnin Kebbi, wasu Abuja da Legas, har da 'yan ƙalilan a ƙasar waje. Da munka sa ranar babban taro bayan Sallah, shugaba yac ce in sanar da kowa ta imel, wai ƙungiyar 'yan boko ba ta kamata ta tsaya ga WhatsApp ba. Na kwashe adireshi 640 da ke cikin rajista na zuba su a layin To, na haɗa da takardar gayyata da lambar asusun da za a biya kuɗin shekara. Gmail ya ƙi aikawa. Na raba su biyu, kashin farko ya tafi, na biyu anka ce na wuce iyaka, sai washegari. Wani dattijo ya mayar da amsa ga kowa da kowa yana tambayar inda kuɗin bara sunka shiga, rigima ta tashi a gaban jama'a. Wata 'yar ajinmu, matar aure, ta kira ni tana kuka, wai wani ya ɗauki adireshinta a cikin saƙon yana aika mata maganar banza, mijinta kuma ya gani. Ranar taro mutum arba'in da 'yan kai sunka zo. Shugaba ya tashi a gaban mutane yac ce ban gaya wa kowa ba. Gwaggo, ni dai ajiye muƙamin nika so in yi. Mi kika gani?

Amsa

Wa'alaikumus salam, Malam Sakatare. Fara da matar nan kafin komai. Ka nemi wani dattijo da mijinta ke jin nauyinsa, ku je tare, ka bayyana masa cewa daga hannunka adireshin ya fita, ba ita ta ba kowa ba. Shi kuma mai aika maganar banzan, sunansa na nan a saman saƙonsa, ƙungiya ta kira shi ta zaunar. Wannan ya fi taron da ya lalace muhimmanci, don taro ana sake shi.

Zuba adireshi a layin To daidai yake da ka ɗauki rajistar ƙungiya ka manna ta a bangon tashar mota. Duk wanda saƙon ya isa gare shi yana ganin adireshin sauran, yana iya kwafe su, yana kuma iya mayar da amsa ga kowa da dannawa ɗaya, kamar yadda dattijonku ya yi. Layin Cc ma haka yake. Layin Bcc ne kawai ke ɓoye mutane daga juna: ka sa adireshinka a To, ka zuba sauran a Bcc, wanda ya mayar da amsa kai kaɗai za ta zo wa. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi, kuma ba ta cin ko kwabo. Amma ba ta cire ka daga iyakar da ka ci karo da ita. Asusun Gmail na kyauta mutum 500 yake ba ka a cikin awa 24, kuma kawunan masu karɓa yake ƙirgawa, ba yawan wasiƙun ba. In ka wuce, ya dakatar da kai, wani lokaci har kwana guda. Asusun da ake biya na Google Workspace ya kai 2,000 a rana. Aibun Bcc na biyu shi ne wasiƙar ba ta ambaton sunan kowa, "Ya ku 'yan'uwa" ce kawai, kuma ba ka da hanyar sanin wa ya buɗe.

Akwai hanya ta biyu da sakatarori ke so ƙwarai, don tana sa mutum ya ji an tuna da shi. Ka jera sunaye da adireshi a tebur na Excel ko Google Sheets, ka rubuta wasiƙa ɗaya, kwamfuta ta riƙa ɗauko suna tana sakawa, kowa ya sami tasa daban: "Zuwa ga Alhaji wane, ana bin ka kuɗin shekara biyu." Microsoft Word da Outlook suna yin wannan, akwai kuma ƙananan manhajoji da ake liƙa wa Gmail. Sai dai ka san abu uku. Iyakar ranar tana nan, a wasu manhajojin ma ta fi tsanani, mutum 100 kacal a rana ga mai asusun kyauta. Manhajar da ka liƙa tana neman izinin shiga akwatinka, don haka kada ka ba wadda ba ka san asalinta ba. Na uku kuwa shi ya fi ba ni tsoro: layi ɗaya ya zame a cikin teburin, sai bashin wannan ya tafi da sunan wancan, mutum ɗari shida su sami wasiƙar da ba tasu ba. Ka fara gwadawa da adireshinka da na mutum biyu cikin shugabanni kafin ka saki.

Hanya ta uku ita ce kamfanonin da aikinsu ke nan, irin su Mailchimp na Amurka da Brevo na Faransa, wanda a da ake kira Sendinblue. Brevo na ba da wasiƙa 300 a rana kyauta, wato rajistarka za ta ƙare a kwana uku. Abin da za su ba ka wanda Gmail ba ya bayarwa shi ne rahoto: adireshi nawa ne suka mutu, nawa aka kai, wa ya ce a daina aika masa. Da kana da wannan takardar a hannu ranar taro, da shugaba bai yi maka abin da ya yi ba. To amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Suna canja sharuɗɗan kyautar duk lokacin da suka ga dama, in kun girma kuma biyan da kuɗin waje ne, ga halin da Naira ke ciki. Suna kuma sharɗanta cewa duk wanda ke cikin jerinka ya yarda a aika masa, in suka ga wasiƙu na dawowa da yawa sai su rufe asusun ba tare da dogon bayani ba. Gmail kuma yakan jefa irin waɗannan wasiƙun a ɓangaren talla, inda mutane ba su cika leƙawa ba.

Wani yaro mai ilimin kwamfuta zai zo ya ce maka duk wannan ɓata lokaci ne, ku sayi sunan gida na kanku a intanet, ya haɗa muku da tsarin aika wasiƙu na Amazon, inda wasiƙa 1,000 ke kan santi 10 na dala. Gaskiya ya faɗa game da farashin. Abin da ba zai faɗa ba shi ne aikin da ke biye. Tun watan Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara wa masu aika wasiƙu da yawa: sai an kafa shaidu uku da ake kira SPF da DKIM da DMARC, waɗanda ke tabbatar da cewa wasiƙar daga gidan da ta ambata ta fito, sai an sa hanyar fita da dannawa ɗaya, kuma masu ƙorafi kada su kai 3 cikin 1,000. Mafi tsananin dokokin na kan masu aika 5,000 a rana ne, amma ƙanana ma ana duba shaidarsu. Duk wannan sai da mai kula. Ranar da yaron ya tafi bautar ƙasa da kalmar sirri a kansa, kun zauna. Wannan hanyar ta jami'a ce da banki, ba ta ƙungiyar da ke taro sau ɗaya a shekara ba.

Me ya sa da yawa ba su ga wasiƙarka ba? Ta wasu tana can cikin akwatin shara, wanda aka rubuta wa Spam. Tun 1978, lokacin da wani ɗan talla mai suna Gary Thuerk ya aika wa mutum kusan 400 tallar kwamfuta a Amurka aka yi masa ca, ake yaƙi da saƙon da ba a nema ba, kuma na'urorin tacewa sun daɗe suna koyon kamannin wasiƙar damfara. Mu kuwa mun san lambar 419 ba daga sama ta faɗo ba, sashe ne na dokar laifuffuka ta ƙasar nan. Dubi abin da ka aika: ɗaruruwan mutane a lokaci guda, maganar kuɗi, lambar asusu, takarda a maƙale. Na'urar ba ta san kai mutumin kirki ba ne, kamannin kawai take gani. Nan gaba ka raba gayyata da maganar kuɗi, ka kuma roƙi mutane su ajiye adireshin ƙungiya cikin jerin abokan hulɗarsu.

Amma babban dalilin, a ganina, ba wannan ba ne. Adireshi 640 ba mutum 640 ba ne. Ka tambayi kanka yadda aka buɗe su. Da yawa mai kafe ne ya buɗe wa mutum ranar cike takardar JAMB ko neman aiki, ya rubuta masa kalmar sirri a guntuwar takarda, takardar ta bi wanki. Wasu adireshin wurin aikin da suka bari ne. Wasu masu su sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Saboda haka aikin da ke gabanka na rajista ne. Ku naɗa wa kowace shekarar kammalawa wakili ɗaya, ya bi 'yan ajinsa ya tambayi kowa ta ina yake so a same shi, imel ko WhatsApp ko kira, ya kuma yarda a ajiye bayanansa. Za ka tarar masu buɗe imel da gaske ba su da yawa, kuma Bcc ya ishe su.

Imel yana da aikin da ya fi kowa iyawa, shi ne ajiye takarda mai kwanan wata da za a iya nemowa bayan shekara biyar. Rahoton taro da lissafin kuɗi nan ne gidansu. Dattijon nan bai zaɓi wurin da ya dace ba, amma tambayarsa tana kan hanya, kuma ina kyautata zaton da an saba aika wa mutane lissafi da bai yi ta a bainar jama'a ba. Maganar ajiye muƙami kuma, ka bari zuciya ta huce. Ka sami shugaba shi kaɗai, ka nuna masa akwatin saƙonnin da aka aika da ranakunsu, ka gaya masa cikin ladabi cewa abin da ya faɗa ya yi maka ciwo. In bayan haka har yanzu kana son tafiya, ka miƙa rajistar a gyare.

Daga wata mai sana'a a gida, Dogon Daji

Gwaggo barka da aiki. Ina sayar da turaren wuta da humra da atamfa daga cikin gida. Wani yaro ya sayar mini da lambobi 5,000, yac ce duk na matan Sakkwato da Kebbi ne masu sayen kaya, ya kuma sa mini wata manhaja da ke tura talla ga kowa da kanta. Kwana biyu WhatsApp sunka rufe layina, wanda duk masu sayen kayana sunka sani shekara da shekaru. Maigida sai cewa yake ai ya gaya mini. Yanzu yaron ya dawo, wai in ba shi kuɗi ya buɗe, kuma in sayi adireshin imel don su ba a rufe su. Ko in ba shi?

Amsa

Ɗiyata, kada ki ƙara ba shi ko sisi. Babu wani yaro da ke da mabuɗin WhatsApp. In kin buɗe manhajar ta asali za ki ga inda ake neman a sake duba hukuncin, ki danna ki rubuta bayani gajere na gaskiya, ki jira. Wani lokaci suna mayarwa, wani lokaci ba sa mayarwa. Ki cire manhajar da ya sa miki, da duk wani WhatsApp na jabu irin su GB, don su kaɗai ma sun isa a rufe layi. Lambobi shida da ake turowa ta tes kuwa kada ki karanta wa kowa, ko da ya ce daga kamfanin yake, da su ake sace layi a riƙa roƙon kuɗi da sunan mai shi.

Abin da ya faru ba asiri ba ne, ba kuma hassadar maƙwabta ba. Kin aika wa dubban mutanen da ba su san ki ba, da yawansu suka danna toshewa ko ƙorafi, na'urar kamfanin ta ga layi ɗaya yana aika saƙo iri ɗaya da saurin da hannun mutum ba ya yi. Imel ɗin da yake tallata miki ma haka zai ƙare, sai dai shi ba za ki ma san ya ƙare ba, wasiƙun za su riƙa faɗawa akwatin shara kina nan kina jiran ciniki.

Ki kuma tsaya ki yi tunanin inda ya samo lambobin. Wata a zauren biki aka kwashe tata, wata a takardar neman tallafi ta rubuta. Babu wadda ta ce a sayar. Tun watan Yunin 2023 ƙasar nan ke da dokar kare bayanan mutane, da hukumar NDPC mai kula da ita. Dokar ta ba mutum ikon ƙin a yi masa talla da bayanansa, tarar da ta tanada ga ƙananan masu karya ta kuma tana iya kai Naira miliyan 2. Ban ce gobe za su ƙwanƙwasa miki ƙofa a Dogon Daji ba. Amma ke ma in baƙuwar lamba ta shigo wayarki da dare maigida ya gani, kin san tambayoyin da za su biyo baya.

Hanyoyin halal suna nan cikin wayarki. Akwai jerin Broadcast, mutum 256 a kowane jeri, kowa saƙon zai zo masa shi kaɗai ba tare da ya ga sauran ba. Sharaɗinsa shi ne sai wadda ta ajiye lambarki za ta samu, kuma wannan sharaɗin alheri ne gare ki, don wadda ta ajiye lambarki ita ce mai saye. Zauren WhatsApp, wato Group, yana ɗaukar mutum 1,024, amma kowa na ganin lambar kowa, ga matan aure a ciki, ga kuma masu cika shi da abin da ba a tambaye su ba. In za ki buɗe, ki kulle shi ya zama ke kaɗai ke magana, kuma kada ki jefa mace ciki ba da izininta ba. Channel da suka fito da shi a 2023 yana ɓoye lambobin mabiya, ba shi da wannan matsalar, sai dai ba a ciniki a cikinsa, sai mai so ta biyo ki ta gefe. Ni dai a sana'a irin taki ban ga abin da ya kai Status ba: kaya uku ko huɗu a rana da farashinsu, mai so ta leƙa, marar so ba ki dame ta ba.

Ki sayi littafi mai bango mai ƙarfi ki rubuta sunan kowace mai saye da lambarta da abin da ta fi so. Maigida kuma ki ce masa ya yi gaskiya, sannan ki roƙe shi aron wayarsa ki kira manyan masu sayenki ki gaya musu halin da ake ciki.

Daga shugaban wata makaranta, Kebbe

Assalamu alaikum. Ina shugabantar wata makaranta mai haɗa boko da Islamiyya, muna da iyaye kamar 300, wasu a cikin gari, wasu a ƙauyukan da ke wajen Kuchi da Girkau. Kullum matsalarmu sanarwa: ranar komawa, taron iyaye, kuɗin jarrabawa. Wani ya zo daga Sakkwato yana son ya kafa muna tsarin imel da za a riƙa biya duk zango, yac ce haka manyan makarantu ke yi. Malamaina matasa sun goyi baya. Ni kuwa zuciyata ba ta kwanta ba, amma ba na son a ce tsoho ya ƙi ci gaba.

Amsa

Allah ya gafarta Malam, zuciyarka ta fi malamanka gani a nan. Gwajin ba shi da wuya. A taron iyaye na gaba ka ce duk wanda ya buɗe imel a cikin makon nan ya ɗaga hannu, sannan ka ce duk mai waya a aljihu ya ɗaga. Ka bar malaman su ƙirga da kansu.

Ga iyaye irin naka saƙon tes ne ke kaiwa, don yana shiga ƙaramar waya mai tocila, ba ya bukatar data, in babu sabis kuma yakan jira na ɗan lokaci ya shiga in an samu. Akwai kamfanoni da ke sayar da shi a dunƙule, har su sa sunan makaranta a maimakon lamba, muddin bai wuce harafi 11 ba. Amma kowane shafi kuɗi ne. Tun ƙarin da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da shi a farkon 2025, tes na yau da kullum ya tashi daga Naira 4 zuwa 6, masu sayarwa a dunƙule kuma kowa da farashinsa.

Ga wani abu da mai sayarwa ba lallai ya gaya maka ba, kuma mu masu rubutu da Hausa ya fi shafa. Shafin tes ɗaya harafi 160 ne in da haruffan Turanci zalla aka rubuta. Da zarar ɗ ko ƙ ko ɓ ɗaya ta shiga, ko alamar Naira, ko ɗan hoton murmushi, sai tsarin ya canja, shafin ya koma harafi 70. Sanarwa mai harafi 150 ga iyaye 300 shafi 300 ce. Ka sa ƙugiya ɗaya a ciki, ta zama shafi uku ga kowa, 900 ke nan. Ni mai son a rubuta Hausa daidai ce, kuma a takardar makaranta ba zan yafe maka ƙugiya ba, amma a tes ka bar ta, ka rubuta N a gaban kuɗi, ka sake karantawa don kada ma'ana ta juye.

Na biyu, tun 2016 NCC ta ba mutane damar tura STOP zuwa 2442 don su huta da tallan kamfanoni, kuma da yawa sun yi. Saƙon makaranta in ya bi hanyar talla ba zai shiga waɗannan layukan ba. Kafin ka biya ka tambayi kamfanin ko suna kai wa irin waɗannan layukan, ka kuma nemi rahoton isarwa na kowace lamba. Lambobin kansu ka riƙa sabunta su duk farkon shekara, don an rufe layuka da yawa a lokacin haɗa su da lambar NIN, layin da aka daɗe ba a amfani da shi kuma kamfani na sayar wa wani.

Ko tes ɗin ya shiga, akwai uban da boko ba karatunsa ba ne, sai ya jira wani ya karanta masa, akwai uwar da wayar gidan tana hannun miji yana kasuwa ko gona. Kuma ba mu manta watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, har da maƙwabciyarku Tambuwal. Duk wanda ya dogara ga waya kaɗai a lokacin ya ga iyakarta. Ƙasar nan kuwa ta san wata hanya tun da daɗewa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da ta so karatu ya kai ga matan karkara, sai ta zaɓi mata amintattu daga garuruwansu, ta naɗa kowacce jaji, ta ba ta malfa, su zo su karɓa su koma su isar. Tsarin 'Yan Taru ke nan. Ka yi irinsa: kowane ƙauye ka sami uba ɗaya da uwa ɗaya da ake jin maganarsu, su za ka kira da bakinka, su kuma su isar. Ka haɗa da takarda a jakar yaro da sanarwa bayan sallar Juma'a in liman ya amince. In abin ya shafi yanki duka, Rima Radio na nan.

Imel ɗaya dai makaranta na bukatarsa, don ma'aikatar ilimi da hukumomin jarrabawa. Wannan kyauta ake buɗe shi, da sunan makaranta ba na wani malami ba, kalmar sirrin kuma ta zauna wurin mutum biyu. Matasan malaman ka ba su aikin tattara lambobi da tsara tes, kada su ji an watsar da su. Baƙon Sakkwato kuma a ba shi ruwa ya sha, a yi masa godiya.

Daga wani ango, Sanyinna

Gwaggo, aurena saura mako uku. Na tura katin gayyata ta Broadcast ga duk wanda ke cikin wayata, har da kawuna, yayan mahaifiyata, da ke Jabo. Ya aiko a gaya mini wai shi ba abokina ba ne, zumunta a ƙafa take, kuma ba ya zuwa. Ni ban ga laifina ba, ai saƙon ya shiga, har alamar ya karanta na gani.

Amsa

Ango ka sha ƙamshi, amma kawunka ya fi ka gaskiya. Ya karanta ɗin ne ya sa ya yi fushi, don ya gane saƙon da ka tura wa mai gyaran babur ɗinka shi ka tura masa, ko sunansa babu. Abokan makaranta da na wurin aiki Broadcast ya ishe su. Iyaye da kawunai da gwaggwanni da malaminka na allo kuwa ba a haɗa su a jeri. Zauna da mahaifiyarka yau ta lissafa maka waɗanda sai an je, za ka ga sun fi yadda kake zato, ta kuma gaya maka wa za a fara da shi. Jabo ba nisa. Ka sayi goro mai kyau, ka tafi da wani babba daga ɗakinku, ka cire takalmi tun daga zaure, ka durƙusa. Kada ka ce laifin sabis ne, kada kuma ka fito da waya ka nuna masa alamar ya karanta. In ya yi faɗa ka yi shiru har ya gama, sannan ka tambaye shi ƙarfe nawa za a turo mota ta ɗauke shi ranar ɗaurin aure.